Zaɓen Itacen Kirep: Auna Filinka Kafin Launi Ya Ja Ka

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwannin Atlanta ko Dallas a watan Yuli ya san itacen nan, ko da bai san sunansa ba. Lokacin ne zafi ke kai maƙura a kudancin Amurka. Yawancin itatuwan ado sun gama hudarsu tun watanni uku baya, sai shi ka gani a ƙofar gidaje da tsakiyar tituna ɗauke da curi-curin furanni, wannan ja, wancan fari fat, wani ruwan hoda, wani shunayya. A takardar da masu lambu ke rataya masa ana rubuta crape myrtle, masana tsirrai kuma Lagerstroemia suke kiran zuriyarsa. Zan riƙa ce masa kirep don sauƙi.

Asalinsa ɗan Asiya ne, daga Sin da Koriya zuwa Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin nahiyar, kuma zuriyar tana da jinsi wajen 50. Dangi ɗaya suke da lalle da rumman. Wanda ya san yadda lalle ke son rana da yadda yake jure ƙishi ya riga ya san rabin halin kirep. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, André Michaux, shi ya kai shi birnin Charleston na Amurka a ƙarshen ƙarni na 18, ƙasar kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu, har jihar Teksas ta ayyana shi a 1997 a matsayin tsiron adonta na hukuma. Dalilin rububinsa a fili yake. Yakan kwashe wata biyu zuwa uku yana fure a tsakiyar zafi, wasu irin har kusan kwana 100. In ya kafu ba ya damun mai gida da neman ruwa, saiwarsa kuma ba ta yi suna wajen fasa gini ba.

Matsalar da ake samu da shi kusan guda ɗaya ce, kuma tun ranar saye ake ƙulla ta. Mutum ya je lambun sayar da tsirrai, ya tarar da jerin kirep a tukwanen roba, dukansu iya ƙugu ko ƙirji, sai ya nuna wanda launinsa ya fi kwanta masa a rai. Bai sani ba, na hannun dama zai ƙare rayuwarsa a mita ɗaya, na hagu kuwa sai ya wuce rufin bene. Ya kai na hagun gida ya dasa shi a gindin taga. Bayan shekara shida itace ya toshe taga, yana gogar kwano, ya kusa kama wayar lantarki. Daga nan sai a ɗauko zarto a riƙa datse masa kai duk shekara, a mayar da itacen da ya fi kowane kyawun ƙira tamkar guntayen turaku. Abin yana ba ni takaici, domin awon minti goma kafin a fita daga gida ya isa ya hana shi.

Tsayi da faɗi su ne farko

Ka ɗauki tef ɗin magina ka tsaya a daidai inda kake son itacen. Ɗaga kai ka duba abin da ke sama: waya ce, bakin kwano ne, baranda ce, ko taga da ba ka so a rufe maka? Ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fara tare hanya. Sannan ka auna gefe da gefe, zuwa bangon ɗaki, zuwa katangar maƙwabci, zuwa inda mota ke wucewa. Ka rubuta lambobin nan biyu a takarda ka sa a aljihu. Su za su yi maka mafi yawan zaɓen.

Mafi ƙanƙantan kirep, irin su Chickasaw da Pocomoke, da kyar suke wuce mita 1. Waɗannan na gindin taga ne, ko bakin hanyar shiga, ko babbar tukunya a baranda. Na gaba da su suna tsayawa tsakanin mita 2 zuwa 3 da 'yan kai. A nan Tonto yake, mai jan fure da ya ɗan karkata zuwa ruwan hoda mai duhu, da Hopi mai ruwan hoda, da Zuni mai shunayya mai haske, da Acoma mai farin fure wanda rassansa ke bazuwa suna ɗan sunkuyowa ƙasa. A ganina wannan rukunin ya fi dacewa da gidajen yawancin mutane, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda a cikin tukunya manyan sun fi shi cika ido. Mai ƙaramar farfajiya ya fara dubawa daga nan, sai in bai samu abin da yake so ba ya ƙara gaba.

Matsakaita suna kaiwa mita 4 zuwa 6. Catawba mai shunayya mai duhu yana can ƙasan wannan awo, Tuscarora da Dynamite suna samansa. Sioux yana da wata fa'ida ta daban: miƙewa yake yi sama, ba ya cin fili sosai a gefe, don haka ya dace da siririn wuri tsakanin gida da katanga. Sai manya, Natchez mai farin fure da Muskogee mai shunayya mai haske, waɗanda ke kaiwa mita 7 zuwa 9. Natchez ɗin da ya samu wuri yakan buɗe a faɗi kusan yadda ya tashi a tsayi. Itace ne na babban fili, inda za a ja baya a kalle shi gaba ɗaya. Kyansa ya sa ya cika lambunan sayarwa, shi ya sa kuma ya fi kowane iri faɗawa wurin da bai dace da shi ba.

A Amurka da ƙafa ake rubuta tsayin a takardar, kuma ƙafa 10 ita ce kimanin mita 3. Kada ka ɗauki lambar a matsayin iyaka, domin itace ba ya daina girma ranar da ya kai ta, musamman a wuri mai ɗumi da wadatar ruwa. Ka bar rarar aƙalla mita ɗaya tsakanin lambar takarda da abin da ke samanka. Nisan bango kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: ka raba faɗin da itacen zai yi in ya girma gida biyu, abin da ya fita shi ne mafi ƙarancin tazara daga gindinsa zuwa bango. Irin da zai buɗe mita 6 yana son mita 3 daga gini. Ranar dashe za ka ga kamar ka jefar da shi can shi kaɗai a tsakiyar fili, zuciya ta riƙa ce maka ka matso da shi. Kada ka matso da shi.

Akwai wuraren da ban ba da shawarar a dasa shi ba ko da tsayin ya yi daidai. Kirep yana zubar da fure kullum har ƙarshen lokacin hudarsa, daga baya ya zubar da ɓawon 'ya'ya da ganye. Ƙwarin darɓa ma suna sonsa, kuma ruwan danƙon da suke fitarwa yana ɗiga kan duk abin da ke ƙasa. Saboda haka a nisanta shi da inda ake ajiye mota, da bakin tafkin wanka, da buɗaɗɗiyar ma'ajiyar ruwa, da igiyar shanya.

Rana, iska da farar fumfuna

Kirep yana son rana ta buge shi kai tsaye aƙalla awa 6 a yini, in ta kai 8 ya fi murna. A inuwa ba zai mutu ba, amma zai yi tsawo a banza, ya yi sirara, furen ya zo tsilli-tsilli. Kafin ka yanke wuri ka leƙa shi da hantsi, da azahar, da la'asar, ka ga ko inuwar bene ko ta wani babban itace tana rufe shi. In a lokacin sanyi kake dubawa, ka tuna itatuwan maƙwabta da ka gani tsirara za su cika da ganye daidai lokacin da kirep ɗinka ke neman rana.

Inuwa da rashin iska su ne kuma ke gayyato babbar cutarsa, farar fumfuna. Za ka ga sabon ganye da tohon fure sun yi fari kamar an barbaɗa musu garin dawa, ganyen ya nannaɗe, tohon ya bushe bai buɗe ba. Cutar ta fi tashi lokacin da rana ke da ɗumi, dare kuma ke da sanyi da laima. Tsohon irin da Michaux ya kai Amurka ya sha fama da ita shekara da shekaru, kuma labarin yadda aka shawo kanta yana da amfani ga mai saye. A 1956 wani ma'aikacin hukumar gona ta Amurka, John Creech, ya ɗebo irin wani jinsin kirep daga tsibirin Yakushima na Japan. Furensa ƙanana ne farare, ba abin a zo a gani ba, amma fumfuna ba ta kama shi, ɓawonsa kuma yana da kyau ƙwarai. Donald Egolf, mai binciken tsirrai a gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton, ya yi ta haɗa wannan jinsi da na Sin har ya fitar da ire-iren da suka gaji furen ɗaya da juriyar ɗayan. Natchez da Muskogee sun fito a 1978, saura suka biyo baya, ya kuma sa musu sunayen ƙabilun asali na Amurka. Tonto, Hopi, Zuni, Acoma, Sioux da Tuscarora duk 'ya'yan wannan aiki ne. Catawba dai tsantsar jinsin Sin ne duk da irin sunan da yake ɗauke da shi, ko da yake shi ma yana da juriya daidai gwargwado.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, irin da ka zaɓa ya fi duk wani maganin feshi da za ka saya daga baya. Itace mai mita 6 ba ya fesuwa da famfon hannu. In unguwarku mai yawan ruwan sama ce da laima, akwai cuta ta biyu da ke sa ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa a ganye, ganyen ya canza launi ya zube tun daga rassan ƙasa kafin lokacinsa. Tonto da Tuscarora suna cikin waɗanda aka sani da jure cututtukan biyu.

Yanzu sai launi

Fari, ruwan hoda, ja, shunayya mai haske da mai duhu, iyakar launukan kirep ke nan. Babu rawaya, babu shuɗi. Duk hoton da ka gani a intanet na kirep shuɗi ana tallar irinsa, rini ne aka yi wa hoton, ka riƙe kuɗinka. Ja na haƙiƙa ma bai daɗe da samuwa ba. Carl Whitcomb na jihar Oklahoma ne ya fitar da Dynamite da Red Rocket a shekarun 1990, kuma su ma in furen ya buɗe a ranakun hadari yakan zo da ɗan fari-fari. Akwai kuma masu ganye mai duhu kusan baƙi da ake sayarwa da sunan Black Diamond, waɗanda ganyen kansa ado ne tun kafin fure.

Ka tsaya a bakin titi ka kalli gidanka kafin ka zaɓa. Jan fure a gaban jan bulo ɓacewa yake yi, fari a gaban farin fenti haka. In za ka jera su a bakin katanga, iri ɗaya launi ɗaya ya fi tsari, don za su tashi tare su yi fure tare.

Ni dai ɓawon nake fara dubawa kafin furen. A ƙasashen sanyi kirep yana zama ba ganye wata huɗu ko fiye, kuma a wannan lokacin jikinsa kaɗai ake gani. Tsohon ɓawo yana saɓulewa da kansa, ya bar jiki sumul mai dabbare-dabbare, na Natchez launin kirfa da ƙasa-ƙasa mai duhu. Wasu in sun ga ɓawon yana zuba sai su tsorata su ce cuta ce. Lafiyarsa ƙalau, girma ne, kuma sai itacen ya yi 'yan shekaru yake fara wannan. Ka kuma yanke shawara tun yanzu ko mai kututture ɗaya kake so ko mai uku zuwa biyar. Mai ɗaya ya dace da bakin hanya inda ake wucewa ta ƙarƙashinsa. Mai yawa ya fi nuna kyawun ɓawo, kuma shi ne ƙirar da itacen ke bi in an bar shi da halinsa.

A gaban mai lambu

Gani ya kori ji, don haka in da hali ka je lokacin da itatuwan ke fure. Takardu suna sauka daga wannan tukunya su hau waccan, kuma abin da wani ya kira ja wani ruwan hoda zai kira shi. Ko da a lokacin kaka za ka dasa, ka je ka ga launin da idonka tun yana kan itace. Wanda aka rubuta masa launi kawai ba sunan iri, ka bar shi a nan, domin ba wanda zai iya faɗa maka inda tsayinsa zai tsaya.

In ka samu wanda ya yi maka, ka roƙi mai lambu ya zare shi daga tukunya ka ga saiwar. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, ta bazu cikin ƙasar ko'ina. Wadda ta yi kauri tana zagaye tukunya zobe-zobe ta daɗe a matse, kuma za ta ci gaba da zagayen a cikin rami. In zagayen kaɗan ne ana iya warware shi da yatsa ko a tsaga da wuƙa ranar dashe, in ya yi yawa ka ɗauki wani. Kada girma ya ruɗe ka. Ƙaramin da saiwarsa ke lafiya yakan kamo babban da ya wahala a tukunya cikin 'yan shekaru, ga shi ya fi araha.

Sannan ka duba jikinsa da kyau, musamman maƙogwaron rassa inda suka rabu da kututture da kuma inda aka taɓa yanka. Abin da kake nema wasu ƙananan ƙulle-ƙulle ne farare masu laushi da ke manne a ɓawo. Ka murtsuke ɗaya da farce. In ruwa mai launin hoda ya fito, wani ƙwaro ne mai tsotsar ɓawo da ya shigo daga Asiya, aka fara ganinsa a kusa da Dallas a 2004, daga nan ya bazu jihohin kudu da dama. Ba kasafai yake kashe itace ba, amma yana rage fure, ya bar rassa baƙi ƙirin da fumfunar da ke bin danƙonsa. Ganye ko reshe mai baƙi-baƙi da ke gogewa a yatsa alama ce ta shi ko ta darɓa. In ka ga haka a tukunya ɗaya, ka duba na kusa da ita ma.

Ga mai son dasawa a Najeriya ko Nijar

Kirep ba baƙo ba ne a lambunan ƙasashe masu zafi, har da na Afirka ta Yamma, amma cinikin ya sha bamban. Mai lambun bakin titi ba lallai ya san Tonto ko Natchez ba, launi zai faɗa maka. Abu na farko da za ka tantance shi ne wane jinsi ne a cikin ledar, domin biyu ne aka fi dasawa kuma a Turance ana kiran kowannensu Pride of India. Ganye zai raba maka gardama. Na Sin, wanda muke ta magana a kansa, ganyensa ƙanana ne, ba su wuce tsawon yatsa ba. Ɗayan, wanda masana ke kira Lagerstroemia speciosa, ganyensa ya kai tafin hannu ko ya fi, furensa manya ne masu launin shunayya ko ruwan hoda, kuma shi ne furen hukuma na jihar Maharashtra a Indiya. Wannan babban itace ne da ke iya kaiwa mita 15 zuwa 20 a wuri mai dausayi. Ya dace da harabar makaranta ko babban gida a wurare masu ruwa irin Abuja da kudancin Kaduna. A fuloti mai ƙafa 50 da 100 da gini ya cinye rabinsa, ƙaramin jinsin za ka nema.

Tambaya biyu za ka yi wa mai lambun: daga reshe ya tayar da shi ko daga ƙwaya, kuma ina uwar take? Na reshe yana gadon uwarsa a launi da tsayi. Na ƙwaya yana iya fitowa da wani launi daban. In ya iya nuna maka uwar, ka ga girman da naka zai yi da idonka, wanda ya fi kowace takarda. In maƙwabci yana da wanda ya burge ka, ka roƙi reshe mai tsawon santimita 15 zuwa 20, ka cire ganyen ƙasa, ka soka shi a ledar da aka cika da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Kirep yana cikin itatuwa masu saurin kamawa ta wannan hanya. Ɗauko tsiro a jaka daga ƙasar waje ba tare da izinin hukumar killace kayan gona ba kuwa saɓa doka ne, kuma ta haka ƙwari irin wanda na ambata ke tsallaka teku.

Dole in faɗi abin da kirep ba zai yi maka ba. Mai neman inda zai shimfiɗa tabarma da azahar a watan Afrilu ya dasa darbejiya ko mangwaro. Kirep yakan kakkaɓe ganye in rani ya yi tsanani, wato daidai lokacin da aka fi bukatar inuwa. Itacen ado ne, a ba shi gurbin ado. A Kano, Katsina, Maraɗi da makamantansu, inda damina gajera ce, sai an yi masa ban ruwa da rani, don haka a dasa shi inda tiyo ke kaiwa. Ƙasa mai ɗan tsami yake so. A ƙasa mai kanwa ganyen yakan koma rawaya, jijiyoyinsa su rage kore. Sabon gida yana da wannan matsalar ko da ƙasar unguwar mai kyau ce, saboda ɓaraguzan siminti da magina ke binnewa a farfajiya. A kwashe su tas daga wurin ramin, kuma kada a zuba toka a gindinsa. A kewaye shi da waya saboda awaki, a riƙa duba gindin saboda gara.

Dashe da gyaran rassa

A kudancin Amurka kaka da farkon bazararsu ne lokacin dashe. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar a jira damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Ramin ya ninka faɗin tukunya sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce na tukunyar. Inda kututture ya fara buɗewa zuwa saiwa ya zauna daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara ta. Binne wuya yana cikin abubuwan da ke sa itace ya yi shekaru yana tsaye wuri ɗaya. Wurin da ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke sama bai dace da shi ba. A mayar da ƙasar da aka haƙo, a ba shi ruwa ya ƙoshi, a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kauri santimita 5 zuwa 8 a kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututturen. Shekara ta farko da ta biyu a riƙa ba shi ruwa mai ratsa ƙasa sau ɗaya ko biyu a mako in ba a yi sama ba. Taki kaɗan ya ishe shi. Wanda ya ɗura masa yuriya zai samu ganye kore shar da fure ƙalilan.

Kirep a sabon reshen bana yake fure. Wannan gaskiyar ce ta sa mutane ke zaton sai an datse shi zai yi huda, alhali da kansa yake fitar da sabon reshe kowace shekara. Wanda aka datse wa kai yana yin ƙulu a bakin kowane yanka, daga ƙulun sai tarin siraran tsumagu su fito, su ɗauki curin furen da ya fi ƙarfinsu, ruwan sama ɗaya ya sunkuyar da su ko ya karya. Ɓawon nan mai kyau kuma ba zai samu manyan rassan da zai bayyana a kansu ba.

Gyaran da yake bukata kaɗan ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarun farko ka zaɓi kututture uku ko biyar da suka fi ƙarfi kuma ba sa gogar juna, ka cire saura daga tushe. Duk tsiron da ya sake ɓullowa daga gindi ka fizge shi tun yana taushi. Ka cire mataccen reshe, da wanda ya juya ciki, da ɗaya daga cikin biyun da ke saɓa wa juna, don iska ta riƙa ratsawa. Yayin da itacen ke tashi ka riƙa ɗauke rassan ƙasa sannu a hankali har jikin ya fito fili. Kowane yanka a yi shi a mahaɗar reshe, kada a bar gunduwa a tsaye. Lokacinsa shi ne kafin sabon toho, wajen Fabrairu a kudancin Amurka, ƙarshen rani a wajenmu. A ƙaramin itace da hannu ke kaiwa, yanke curin da ya gama fure yakan jawo wani zagayen hudar.

In ka gaji itacen da aka riga aka datse, yana gyaruwa. Ko dai a kowane ƙulu ka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka riƙa cire saura har su yi kauri, ko ka sare shi gaba ɗaya daga gindi kafin toho, ka zaɓi uku zuwa biyar cikin tsiron da zai fito. Da yake tsohuwar saiwa na nan, cikin shekara uku zuwa huɗu zai dawo itace. In kuwa irin ne ya fi ƙarfin wurin, sara ba zai canza halinsa ba. Kirep yana jure ƙaura in an tone shi lokacin da ba ganye, sai a mayar da shi fili, a sa ƙarami a gurbinsa.

Mai gidan da ke da yaron lambu ko yake ɗaukar masu yankan ciyawa, ya tsaya a kansu ranar gyaran farko. Yawancinsu datsewa suka saba gani, ita za su yi in ba a hana su ba. Ka nuna musu da hannunka rassan da za a cire, ka kuma faɗa musu a fili cewa ba a taɓa kan itacen.